Yaƙin Tondibi: Yadda Daular Songhai Ta Faɗi

A wannan darasi za mu karanta labarin wani yaƙi da aka yi a bakin Kogin Kwara cikin shekara ta 1591. Yaƙin bai cika wuni ɗaya ba, amma a cikinsa aka karya daular da ta fi kowace girma a Afirka ta Yamma a zamaninta, ba ta kuwa sake miƙewa ba. Sunan daular Songhai, sunan filin yaƙin Tondibi.

In an tambayi mutane abin da ya ka da Songhai, da yawa sai su ce bindiga ce. Gaskiya ne bindiga ta yi aiki a ranar. Amma in muka bi labarin tun daga tushe, za mu ga an yi shekaru ana haƙa wa daular nan rami, waɗansu suna haƙa daga waje, waɗansu daga cikin gida. Mu karanta a hankali, don akwai tambayoyi a ƙarshe.

Ƙasar Songhai

In mutum ya bi Kwara ya yi arewa, ya wuce Yawuri, ya wuce Gaya da Yamai, zai isa wani gari da a ke kira Gao. Yau garin yana cikin ƙasar Mali. Shi ne babban birnin Songhai. Gaba da Gao kogin ya karkata yamma, ya bi ta kusa da Tambutu, sa'an nan ya yi kudu wajen Jenne. Garuruwan nan uku su ne ginshiƙan daular. Harshen mutanenta ɗan'uwan Zabarmanci ne da Dandanci, waɗanda mu ke ji har yau a kasuwanninmu.

Wanda ya fara faɗaɗa ƙasar shi ne Sonni Ali, da ya yi sarauta daga 1464 zuwa 1492. Jarumi ne, yana yaƙi bisa doki, yana kuma yaƙi da jiragen ruwa. Shi ya ci Tambutu da Jenne. A 1493 wani babban sarkin yaƙinsa mai suna Muhammadu ya ƙwace sarauta, aka riƙa kiransa Askiya. Daga nan duk wanda ya hau gadon sai a ce da shi Askiya. Askiya Muhammadu ya tsara mulki, ya naɗa hakimai, ya girmama malamai, ya je aikin Hajji. Ikonsa ya kai har Agadas. A zamaninsa ne Kanta na Kabi ya ɓalle, wajen 1516, saboda saɓani a kan rabon ganima, Songhai kuwa ba ta iya mai da shi ƙarƙashinta ba.

Ɗansa Askiya Dauda ya yi sarauta daga 1549 zuwa 1582. Zamaninsa na wadata ne. Gandayen sarki suna cika rumbuna da shinkafa, fatake suna tafiya lafiya, makarantun Tambutu cike da almajirai.

Gishiri da zinariya

Arzikin Songhai a kan ciniki ya ke. Daga kudu a ke kawo zinariya da goro da bayi. Daga arewa a ke kawo gishiri da tufafi da dawaki da littattafai. Ayarin raƙuma ya sauke kaya a bakin kogi, jirage su ɗauka, sarki ya karɓi kuɗin fito.

Sai mu lura da abu guda, don zai yi mana amfani a gaba. Ramukan zinariya ba a cikin Songhai su ke ba. Suna can nesa, a Bambuk da Bure da kurmin ƙasar Gana ta yau. Songhai hanya kawai ta riƙe. Masu haƙar zinariya suna kawo ta ne don suna bukatar gishiri, kuma don hanya tana da lafiya.

Gishirin kuwa daga Tagaza a ke haƙo shi, wani ƙauye a tsakiyar hamada, tsakanin Tambutu da Maroko. Ba shuka a wurin, ba itace. Har ɗakunan garin da kantun gishiri aka gina su. Askiya ke karɓar harajin Tagaza, sarakunan Maroko kuwa sun daɗe suna kwaɗayinsa.

Sarkin Maroko

A ran 4 ga watan Agusta 1578 aka yi wani babban yaƙi a arewacin Maroko, a bakin wani rafi mai suna Wadil Makhazin. Sarkin Fotugal, Sabastiyan, ya ƙetaro teku da rundunarsa, mutanen Maroko suka karkashe su. Sarakuna uku suka mutu a ranar: shi Sabastiyan, da Sarkin Maroko Abdulmaliki, da wani tuɓaɓɓen sarkin Maroko da ya gayyato Turawan. Ƙanen Abdulmaliki mai suna Ahmadu ya hau gadon sarauta, aka yi masa laƙabi da al-Mansur, watau mai nasara.

Al-Mansur ya sami dukiya mai yawa daga fansar manyan Fotugal da aka kama. Amma kashe kuɗinsa ya fi samunsa. Yana gina wani ƙasaitaccen gida a birninsa Marrakesh, yana kuma riƙe da soja masu albashi. Ta gabas Turkawa sun tare shi, ta arewa ga Sifen. Ba inda zai faɗaɗa sai kudu. Ya kuma ce shi sharifi ne, shi ne halifan Musulmi, saboda haka ya kamata Askiya ya bi shi.

Ya fara da gwaji. Ya aika wa Askiya Dauda ya bar masa harajin Tagaza. Dauda mai dabara ne, bai ba da Tagaza ba, bai kuma yi faɗa ba, sai ya aika masa da kyautar miskali 10,000 na zinariya. Miskali ɗaya ya ɗara giram 4 kaɗan. Aka zauna lafiya. Bayan rasuwar Dauda, wajen 1586, al-Mansur ya aika da 'yan bindiga 200 suka kama Tagaza. Masu haƙar gishiri suka watse, suka koma wani wuri kudu da nan, aka bar 'yan bindiga da kango. Wannan ya koya wa al-Mansur cewa kama ramin gishiri ba ya kawo zinariya. Sai ya ƙudura zai kama ƙasar gaba ɗaya.

Bango ya tsage

Mu koma Songhai mu ga halin da a ke ciki. Askiya Dauda ya bar 'ya'ya maza da yawa, kowa yana ganin shi ya cancanci gado. Ba wata tsayayyar doka ta wanda zai gaji sarki. Na fari, Askiya Alhaji, ya yi shekara 4, 'yan'uwansa suka tuɓe shi a 1586, suka naɗa Muhammadu Bani.

A 1588 wuta ta tashi. Wani ɗan Dauda mai suna Sadiku yana riƙe da sarautar Balama, watau babban sarkin yaƙi na wajen Tambutu. Rigima ta haɗa shi da bawan sarki mai karɓar kuɗin fito a Kabara, mashigin jiragen Tambutu. Sadiku ya kashe bawan. Da ya ga ba makawa Askiya zai hukunta shi, sai ya yi tawaye. Ɗan'uwansa Salihu, hakimin yamma duka, ya goya masa baya da fari, daga baya suka ɓata, aka kashe Salihu. Sadiku ya tattara rundunar yamma ya nufi Gao, mutanen Tambutu suka yi masa mubaya'a.

Muhammadu Bani ya fito zai tare shi, sai ya mutu a sansani tun ba a gamu ba. Aka naɗa wani ɗan Dauda, Isiyaku na biyu. Shi ya karya Sadiku. Bayan nasara ya bi hakiman yamma da sarakunan yaƙinsu, ya kashe waɗansu, ya ɗaure waɗansu. Ta haka rabin rundunar Songhai ya cinye ɗaya rabin, shekara 3 kacal kafin baƙi su iso. Waɗanda suka rage a yamma kuwa zuciyarsu ba ta tare da Askiya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Labarin tsagewar bai daɗe ba ya kai Maroko. Wani bawan fadar Gao mai suna Wuld Kirinfil, wanda Askiya ya yi fushi da shi ya kore shi zuwa Tagaza, ya gudu ya tafi Marrakesh a 1589. Ya ce shi ɗan'uwan Askiya ne da aka zalunta, ya kuma kwashe asirin ƙasar ya faɗa.

Al-Mansur ya rubuta wa Isiyaku wasiƙa yana neman miskali ɗaya a kan kowane kayan gishiri. Isiyaku ya mai da amsa mai zafi, ya haɗa da mashi da takalman ƙarfe. Ma'anar saƙon a fili ta ke: in ka isa, ka zo.

Ƙetare hamada

Al-Mansur ya tara manyan ƙasarsa ya gaya musu nufinsa. Suka ce hamada ba ta ƙetaruwa da runduna, ba ruwa, ba ciyawa, sarakunan da suka gabata ma ba su gwada ba. Ya amsa musu cewa fatake marasa ƙarfi suna ƙetare ta kowace shekara, kuma mutanen Songhai mashi da takobi da baka kawai su ke da su, shi kuwa yana da albarushi. Suka yi shiru.

Ya ɗora wa wani bawansa mai suna Judar shugabancin yaƙin, da muƙamin Basha. Judar haifaffen ƙasar Sifen ne. An kamo shi yana yaro, ya tashi a fada, ya musulunta. Rundunarsa ba ta da yawa, mayaƙa wajen 4,000 ne. A ciki akwai dakaru 'yan bindiga 2,000, da 'yan bindiga bisa dawaki 500, da barade masu māsu 1,500. Da yawa daga 'yan bindigan mutanen Andalus ne da Turawan da suka musulunta, waɗanda ba su da wata sana'a sai soja.

Abin da ya kamata mu duba shi ne kayan da suka bi su. An tanadi raƙuma wajen 8,000, da dawakin kaya 1,000, da masu kora raƙuma 1,000, da ma'aikata 600 masu haƙa da gyaran hanya. Raƙuman suna ɗauke da salkunan ruwa, da hatsi, da dabino, da tantuna, da albarushi, da darma, da 'yan ƙananan igwa. Watau kowane mayaƙi ɗaya raƙumi biyu ke yi masa hidima. Ba a fafe gora ranar tafiya. An daɗe ana wannan tanadi, an kuma zaɓi lokacin sanyi don tafiyar.

Suka tashi a ƙarshen 1590. Tsakanin Marrakesh da Kwara ya fi mil 1,000, ya ɗara nisan Kano zuwa Ikko ƙwarai. Suka bi hanyar fatake daga rijiya zuwa rijiya. Waɗansu suka mutu a hanya. A ƙarshen Fabrairu 1591 sauran suka ga ruwan Kwara a wani wuri mai suna Karabara, kusa da Bamba, tsakanin Tambutu da Gao.

A nan Songhai ta yi hasarar dama biyu. Ran rundunar Judar duka a rijiyoyin hamada ya rataya. Da an cike rijiyoyin nan, ko an tsare su, da ƙishirwa ta yi aikin da mashi ya kasa. Ba a yi ba. Sa'an nan sun iso bakin kogi a gajiye, dabbobinsu sun rame. Da an auka musu a ranar, da wuya su tsaya. Ba wanda ya tare su. Suka sha ruwa, suka huta, suka yi wajen mako biyu suna bin gaɓar kogi zuwa Gao, Askiya kuwa yana ta tattara jama'a.

Makaman kowane gefe

Malaman da suka rubuta tarihin Songhai sun saɓa a kan yawan rundunar Askiya. Abdurrahman as-Sa'adi, mutumin Tambutu, mai littafin Tarikhus Sudan, ya ce barade 12,500 ne da dakaru 30,000. Littafin Tarikhul Fattash ya ce barade 18,000 ne da dakaru 9,700. Ko wanne muka ɗauka, mutanen Askiya sun ninka na Judar sau da yawa. Makamansu irin waɗanda kakanninmu suka sani ne: mashi, takobi, garkuwa, kwari da baka.

Bindigar mutanen Judar ba irin ta sojan yau ba ce. Ta baki a ke ɗura ta, kamar adakar maharbanmu. Ba ta ma da ƙanƙara, sai wata igiya mai cin wuta a hankali, ita a ke kai wa albarushi. Kafin a ɗura ta sau ɗaya, gwanin baka ya saki kibiya da yawa. In ruwa ya taɓa ta, ta zama sanda. Amfaninta uku ne. Harsashinta yana huda garkuwa. Ƙararta da hayaƙinta suna firgita dokin da bai saba ba. Kuma in mutane da yawa suka tsaya sahu sahu, waɗansu na harbi waɗansu na ɗuri, wuta ba ta yankewa. Wannan na uku sai da horo, mutanen Judar kuwa horarru ne.

Kada mu ɗauka bindiga baƙuwa ce a ƙasashen baƙar fata a lokacin. A wannan zamani Mai Idris Alauma na Barno yana da 'yan bindiga, Turkawa suka horar masa da su. Su kansu mutanen Songhai sun ji labarin 'yan bindigan da suka kama Tagaza. Sarakunansu suna da zinariyar da za su saya, amma hankalinsu yana kan rigimar gado.

Ranar yaƙi

Aka gamu ran 13 ga watan Maris 1591 a Tondibi, wajen mil 30 arewa da Gao. Ma'anar sunan a harshensu baƙin dutse. Wurin fili ne na kiwo a gefen kogi, ga rani, ba ruwan sama, ba duhuwar da za a ɓuya. In da an ce wa ɗan bindiga ya zaɓi filin da ya ke so, irin wannan zai zaɓa.

Judar ya ja dāga, ya sa 'yan bindiga a sahu, barade a gefe. Mutanen Askiya sun zo da wata dabara. Sun tara shanu wajen 1,000, suka koro su gaba, don su tattake sahun baƙi, dakaru kuma su biyo bayansu cikin ƙura. Da shanun suka matso sai aka sakar musu wuta. Ƙarar ta firgita su, suka juyo a guje, suka bi ta kan masu su. Sahun Songhai ya rikice tun ba a haɗa jiki ba.

Duk da haka barade suka kai hari, dakaru suka matsa. Amma harsashi yana ka da mutum tun bai kai inda mashinsa zai yi aiki ba, dawaki kuma suna tirjewa. Wani malamin fada mai suna Bukar Lanbar ya matsa wa Askiya ya ja da baya. Askiya ya juya dokinsa. Da jama'a suka ga sarki ya juya, sai runduna ta watse.

Akwai waɗansu dakaru da ba su gudu ba. Al'adarsu ita ce ba su ba da baya a fagen fama. Suka ajiye garkuwoyinsu a ƙasa, suka zauna a kai, har mutanen Judar suka iso suka kashe su a zaune, suka tuɓe mundayen zinariya daga hannuwansu. Ba wanda zai ce mutanen Songhai ragwaye ne. Jaruntaka tana nan, shiri ne babu.

Bayan yaƙi

Askiya ya sa mutanen Gao su ƙetare kogi. Judar ya shiga birnin ya tarar kusan ba kowa. Ya zaci zai ga gidajen zinariya, sai ya ga ginin ƙasa. Har ya ce gidan sarkin masu jakuna na Marrakesh ya fi fadar Askiya kyau. Zazzaɓi kuma ya fara kashe masa mutane da dabbobi.

Isiyaku ya aiko da neman sulhu. Ya ce zai ba da miskali 100,000 na zinariya da bayi 1,000, in baƙin za su koma gida. Judar ya ga tayin da kyau. Ya aika wa ubangidansa, ya koma Tambutu yana jiran amsa. Al-Mansur ya husata, ya tuɓe shi, ya aiko da wani Basha mai suna Mahmudu ɗan Zarkun, wanda ya iso a watan Agusta 1591. Mahmudu ya rasa jiragen ƙetare kogi, sai ya sa aka sare itatuwan Tambutu, aka ciccire ƙyamaren gidajen mutane, aka sassaƙa jirage da su. Ya sake karya Isiyaku kusa da Bamba. Mutanen Songhai suka tuɓe Isiyaku, ya gudu ƙasar Gurma, aka kashe shi can a 1592. Wanda ya gaje shi, Muhammadu Gao, an kira shi sansanin Mahmudu da sunan sulhu, aka kama shi, aka kashe shi.

Sai sarauta ta faɗa hannun wani ɗan Dauda, Askiya Nuhu. Shi ya ja sauran jama'a ya yi kudu zuwa Dandi, wajen iyakar Nijar da Binin ta yau. A nan labari ya sake. Dandi ƙasa ce mai duhuwa da fadamu da ruwan sama. Nuhu bai yarda ya tsaya a fili a harbe shi ba. Sai kwanton ɓauna, sai sari ka noƙe. Albarushi yana jiƙewa, dawakin baƙi suna mutuwa, zazzaɓi da ciwon ciki suna cin sojansu, guzuri kuma sai an kawo daga nesa. Aka yi shekaru ana haka, baƙin ba su iya mallakar Dandi ba. Shi kansa Mahmudu an kashe shi a 1595, a wani yaƙi cikin duwatsu.

Mu tsaya mu yi tunani a nan. Bindigar da ta ci Tondibi ita ce aka kai Dandi. Masu riƙe da ita su ne dai. Makaman Nuhu kuma su ne na Isiyaku, mutanensa ma ba su kai na Isiyaku yawa ba. Abin da ya bambanta shi ne Nuhu ya san ƙarfin abokin gābansa, ya san rauninsa, shi ya riƙa zaɓen wurin gamuwa da lokacinta.

Malaman Tambutu

Wahalar yaƙi ba a kan mayaƙa kaɗai ta tsaya ba. As-Sa'adi ya ba da labarin yadda zaman lafiya ya koma tsoro, wadata ta koma tsanani. Da aka ji ba sarki mai tsawatawa, mahara suka taso ta ko'ina, suna ƙone ƙauyuka, suna kama mutane. Manomi ya kasa zuwa gona, falke ya kasa bin hanya.

A watan Oktoba 1593 Mahmudu ya tara manyan malaman Tambutu a masallacin Sankore da sunan sabunta mubaya'a. Aka rufe ƙofofi, aka kama su, aka kashe waɗansu, aka washe gidajensu. A 1594 aka tafi da su Marrakesh a ɗaure, da matansu da 'ya'yansu. A cikinsu akwai Ahmadu Baba, babban masanin fiƙihu. Ya faɗo daga kan raƙumi a hanya ya karye a ƙafa. Ya ce an kwashe masa littattafai 1,600, kuma nasa ne mafi ƙanƙanta a cikin danginsa. Bayan an sake shi ya zauna yana karantarwa a Marrakesh, har alƙalan birnin suna ɗaukar karatu a wurinsa. Sai a 1608 ya komo Tambutu, ya rasu a 1627.

Me mai nasara ya samu?

Da fari zinariya ta shiga Maroko da yawa. Da Judar ya koma gida a 1599, wani ɗan kasuwar Ingila da ke can ya rubuta cewa ya zo da raƙuma 30 ɗauke da garin zinariya. Aka ƙara wa al-Mansur laƙabin az-Zahabi, watau mai zinariya. Amma yawancin wannan ganima ce, abin da aka tara ne aka kwashe. Ramukan zinariya suna can nesa inda sojansa ba su taɓa kaiwa ba. Da hanya ta lalace, masu zinariya suka ƙara karkata zuwa bakin teku, inda Turawa ke saye tun da Fotugal ta gina ganuwarta a Elmina a 1482. Ayarori da yawa kuma suka koma hanyoyin gabas, ta Agadas zuwa Katsina da Kano, garuruwan nan suka ƙara bunƙasa.

Al-Mansur ya mutu da annoba a 1603. 'Ya'yansa suka kama yaƙi da juna a kan gado, kamar yadda 'ya'yan Dauda suka yi, a cikin rigimar aka kashe Judar. As-Sa'adi ya kawo labari daga bakin ɗan al-Mansur, Maulaya Zaidan, cewa ubansa ya aika da mutum 23,000 zuwa Songhai, waɗanda suka komo ba su wuce 500 ba. Garin neman gira an rasa ido.

Sojan da aka bari a bakin Kwara suka auri matan ƙasar, suka shiga naɗa Basha da kansu. Jikokinsu su a ke kira Arma, daga kalmar Larabci mai nufin maharba. Suna nan har yau a Tambutu da Gao, harshen Songhai su ke yi.

Abin da za mu riƙe

Mun saba cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A Tondibi yawa bai yi amfani ba, don masu yawan ba bakinsu ɗaya ba, ba su kuma san abin da za su tarar ba. Al-Mansur ya san labarin Songhai sarai kafin ya taso. Askiya bai san na Maroko ba, ya dogara ga hamada ta tsare shi. Ya bar rijiyoyi a buɗe, ya bar baƙi suka huta, ya gamu da su a filin da ya fi dacewa da makaminsu. Saboda haka in an tambaye mu ranar da aka ci Songhai, ma iya cewa 13 ga Maris 1591. In an tambaye mu lokacin da ta fara faɗuwa, sai mu ce tun 1588, sa'ad da 'ya'yan mutum ɗaya suka juya māsu a kan juna.

Mai nasara kuma bai sami abin da ya zo nema ba. Zinariya tana bin hanya ne saboda hanya tana da lafiya, yaƙin kuwa lafiyar ya fara kashewa. Waɗanda suka biya kuɗin wannan kuskure su ne manoma da fatake da malamai, waɗanda ba a yi shawara da su ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa uku ne ginshiƙan daular Songhai, kuma a wace ƙasa su ke yau?
2. Me a ke samu a Tagaza? Me ya sa kama ta bai amfani al-Mansur ba?
3. Yaya Askiya Dauda ya amsa wa al-Mansur, yaya kuma Askiya Isiyaku ya amsa masa?
4. Me ya faru a Songhai a 1588?
5. Mayaƙa nawa Judar ya taso da su, raƙuma kuma nawa? Me ya sa raƙuman suka fi mayaƙan yawa?
6. Faɗi dama biyu da Askiya ya bari suka wuce shi kafin ranar yaƙi.
7. Me ya sa dabarar shanu ba ta ci ba?
8. Me ya sa Askiya Nuhu ya iya tsayawa a Dandi, alhali makamansa irin na Isiyaku ne?
9. Ku tattauna a aji: wa ya ci riba a wannan yaƙi, wa kuma ya yi hasara?